Wai duk abin da aka ce "majalisa ta amince" ya zama doka kenan?

A farkon watan Fabrairun 2025 labari ya cika Facebook da guruf-guruf na WhatsApp cewa wai majalisa ta amince a ƙirƙiro sabbin jihohi 31, har wasu sun fara gardamar wane gari ne zai zama hedikwata. Abin da ya faru a zauren bai kai haka ba ko kusa. Mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, shi ne ya karanta takarda daga kwamitin gyaran kundin tsarin mulki mai ɗauke da jerin buƙatun da jama'a suka kai musu, iyakar abin kenan, babu muhawara babu ƙuri'a. Kafin wannan ma, ƙarshen Nuwamban 2024, da aka ce ƙudirorin haraji na Tinubu sun tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, mutane da yawa a Arewa sun ɗauka an gama, alhali sai da aka ƙara kusan wata 7 ana ja ana sassautawa kafin a sa musu hannu, kuma abin da aka sa wa hannun ya bambanta da wanda aka kawo da farko a wurare masu muhimmanci.

Matsalar ita ce kalmar "amincewa" tana fitowa a kusan kowane mataki, masu rubuta kanun labarai kuma ba su cika faɗin a wane mataki ake ba. To bari mu bi hanyar daga tushe.

## Zaure biyu, da iyakar ikonsu

Majalisar Dokoki ta Ƙasa zaure biyu gare ta. Majalisar Dattawa mai sanatoci 109, wato uku-uku daga jihohi 36 sai ɗaya na Abuja, da Majalisar Wakilai mai mambobi 360 da aka raba bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano da Legas ke da 24 kowacce, Bayelsa kuwa 5. Wadda ke kai yanzu ita ce ta 10 tun da aka fara lissafi, an rantsar da ita ranar 13 ga Yunin 2023, Godswill Akpabio na shugabantar dattawa, Tajuddeen Abbas na kakakin wakilai. A wajen yin doka babu babba babu ƙarami, duk da sunan dattawa, dole kowane zaure ya amince da rubutu iri ɗaya sak. Inda dattawa suka fi shi ne wajen tantance ministoci da jakadu da irinsu.

Ba kuma kowace magana ce Abuja ke da ikon yi mata doka ba. Kundin 1999 ya ware jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke taɓawa, kamar tsaro, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo, man fetur da ma'adinai. Akwai jeri na biyu na haɗaka da tarayya da jihohi duk ke iya yi wa doka, idan dokokin suka ci karo ta tarayya ce ke sama. Abin da bai shiga ko ɗaya ba na jihohi ne, shi ya sa dokar masarautun Kano, ta 2019 da ta 2024 da ta rushe ta, majalisar dokokin jihar Kano ce ta yi su, ba sanata ko ɗaya da ya kaɗa ƙuri'a a kai. Shi ya sa kuma maganar 'yansandan jihohi ba ta yiwuwa da doka ta yau da kullum, sai an taɓa kundin kansa.

## Ƙudirin doka daban, moshan daban

Nan ne aka fi shan ruɗu, domin a labaranmu na Hausa duka biyun ƙudiri ake ce musu.

Ƙudirin doka, wanda su 'yan majalisar ke cewa bil, shi ne daftarin da ake so ya zama doka, an rubuta shi sashe-sashe, yana da lamba, HB idan a wakilai ya fara, SB idan a dattawa. Yana iya fitowa daga fadar shugaban ƙasa, kamar na haraji guda 4 da Tinubu ya aika a Oktoban 2024, ko daga wani ɗan majalisa, ko ma wata ƙungiya ta rubuta ta nemi ɗan majalisar da zai ɗauki nauyinsa ya shigar.

Moshan kuwa shi ne ɗan majalisa ya tashi ya ce 'yan bindiga sun kai hari a mazaɓarsa, ko gada ta karye, ko farashin taki ya yi tsada, yana roƙon zauren ya ɗau matsaya. A yi muhawara a ranar, a buga guduma, a ce majalisa ta buƙaci hukuma kaza ta yi kaza. Wannan matsaya shawara ce, ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Yulin 2020, lokacin da Majalisar Dattawa ta nemi hafsoshin tsaro su sauka saboda taɓarɓarewar tsaro, fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa naɗawa da saukewa hurumin shugaban ƙasa ne, hafsoshin suka ci gaba da zama har ƙarshen Janairun 2021 da Buhari ya ga damar canza su. Don haka idan ka ga "majalisa ta umarci a rage kuɗin wuta" ko "majalisa ta hana kaza", kusan kullum moshan ne, gobe ba za ka ga canji a takardar kuɗin wutarka ba.

Sai dai akwai 'yan matsayoyin da kundin ya ba su haƙora, kamar tabbatar da minista, ko amincewa da dokar ta-ɓaci, ko tsige shugaban ƙasa. Waɗannan ba shawara ba ne.

## Karatu uku

Karatu na farko ba komai ba ne illa sanarwa. Akawun majalisa ya karanto sunan ƙudirin, a buga guduma, a wuce na gaba, ba wanda ya tofa albarkacin bakinsa. A rana ɗaya ana iya yi wa gommai haka. Yawancin labaran da ke tayar da hankali irin su "za a ɗaure duk wanda bai yi zaɓe ba" ko "za a kafa jami'a a garin wane" ko ba su wuce nan ba ko kuma mataki na gaba kaɗai suka taka.

Karatu na biyu shi ne muhawara ta farko. Wanda ya kawo ƙudirin ya tashi ya bayyana manufarsa, idan na gwamnati ne shugaban masu rinjaye ke jagoranta, sauran su goyi baya ko su soka. Amma fa a kan manufar gaba ɗaya ake magana, ba a shiga cikin sassan ba tukuna. Tsallake karatu na biyu ma'anarsa zauren ya yarda maganar ta cancanci a duba ta, ba wai ya yarda da abin da ke ciki ba. Ƙudirin taƙaita kafofin sada zumunta da Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ya kawo ya tsallake karatu na biyu a Nuwamban 2019, aka yi zaman jin ra'ayi a Maris ɗin 2020 inda mafi yawan waɗanda suka yi magana suka yi fatali da shi, daga nan bai sake motsi ba har wa'adin majalisa ta 9 ya ƙare. Duk ƙudirin da wa'adin shekara 4 ya ƙare bai kammala ba kuwa ya mutu kenan, sai dai sabuwar majalisa ta sake ɗauko shi.

Karatu na uku yana zuwa ne can ƙarshe bayan aikin kwamiti, kuma shi ma galibi ba ya ɗaukar lokaci, tabbatarwa ce kawai cewa wannan zauren ya gama da nasa.

## Kwamiti: inda ake ainihin aikin

Tsakanin karatu na biyu da na uku nan ne maganar take, kuma nan ne kyamara ta fi ƙaranci. Ana miƙa ƙudirin ga kwamitin da abin ya shafa, a ba shi makonni ya kawo rahoto. Kamar yadi ne aka kai wa tela, abin da ya shiga da abin da zai fito ba lallai su yi kama ba.

Kwamitin kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, a sa sanarwa a jaridu, duk mai magana ya rubuto takardar matsayarsa ko ya zo da kansa. A ƙa'ida kowa na iya zuwa. A aikace kuwa a Abuja ake yi, da Turanci, cikin kwana ɗaya ko biyu, sanarwar ma wani lokaci kwanaki kaɗan kafin ranar take fita, saboda haka waɗanda ke cika ɗakin su ne ma'aikatun gwamnati, manyan kamfanoni da lauyoyinsu, ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko manomin Funtuwa sai dai ta bakin ƙungiyarsa idan ta farka da wuri. (Sashe na 55 na kundin ya ce ana iya gudanar da zaman majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, tanadin ne dai har yau ba a yi ba.)

Ƙudirorin haraji sun nuna yadda wannan mataki ke canza abu. Daftarin farko ya nemi a ɗaga harajin VAT, wato harajin sayen kaya, daga kashi 7.5 zuwa 10, a ci gaba da ɗagawa har ya kai 15 a 2030, sannan a cikin kason jihohi a raba kashi 60 bisa inda aka samo harajin. Gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna ƙarshen Oktoban 2024 suka ce ba su yarda ba, hujjarsu ita ce Legas da 'yan jihohi kaɗan za su kwashe kaso mafi tsoka tunda can manyan kamfanoni suke, gwamna Zulum na Borno da Sanata Ali Ndume na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Kwamitin Taiwo Oyedele da ya tsara ƙudirorin ya ce an juya maganar ne, tsohon tsarin shi ne ke fifita Legas domin yana lissafi da inda hedikwatar kamfani take, sabon kuwa zai koma lissafi da inda aka sayi kayan ko aka yi amfani da su, wato katin wayar da aka saya a Kano ya shiga lissafin Kano. Kowane ɓangare na da abin riƙewa, domin a rubutun farko ba a fayyace yadda za a gane wurin da aka ci kayan ba. A Janairun 2025 ƙungiyar gwamnonin ƙasar gaba ɗaya ta fito da matsaya ta tsakiya, aka yi zaman jin ra'ayi a Fabrairu, abin da ya fito daga ƙarshe shi ne VAT ya tsaya a 7.5, rabon jihohi kuma kashi 50 daidai-wa-daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. Duk wannan bayan karatu na biyu aka yi shi.

Idan kwamiti ya kawo rahoto, sai zauren gaba ɗaya ya rikiɗe ya zama kwamiti. Mai kallon talabijin zai iya gane wannan lokaci, ana sauke sandar majalisa daga mazauninta na sama zuwa na ƙasa, shugaban zaman ya bar babbar kujera ya sauko, sai a fara kiran sassa, sashe na 1, guduma, sashe na 2, guduma, wani lokaci ma a haɗa sashe na 10 zuwa na 40 a buga musu guduma ɗaya. Duk ɗan majalisar da ke da gyara a nan zai kawo shi, idan ya yi gyangyaɗi ko ya fita amsa waya an wuce wurin.

## Murya, guduma da lissafin kawuna

Kafin zama ya halatta dole a samu kashi ɗaya cikin uku na mambobi, wato sanatoci 37 ko wakilai 120, kuma sandar majalisa na kan teburi. Muhimmancin sandar ne ya sa da wasu suka kutsa zauren dattawa ranar 18 ga Afrilun 2018 ita suka sure suka gudu, ba wani abu ba.

Yawancin ƙuri'u da murya ake yi. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, waɗanda ba su yarda ba su amsa, ya saurara, ya yanke wane ɓangare ne ya fi ƙara, ya buga guduma. Sauri gare shi, amma kunnen mutum ɗaya ne alƙali, kuma ba a rubuta sunan kowa, saboda haka mai zaɓe ba shi da hanyar sanin me wakilinsa ya ce. Wanda bai gamsu ba yana iya neman a raba zaure a ƙirga mutum-mutum. An yi haka a Yulin 2021 kan batun aika sakamakon zaɓe ta intanet, Sanata Enyinnaya Abaribe ya nema, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, sakamako ya fito 52 da 28, kuma a ranar kowa ya san inda sanatansa ya tsaya da wanda ya ɓace daga zauren.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne wuraren da kundin ya ce sai da kashi biyu cikin uku, sanatoci 73 da wakilai 240. Da Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas ranar 18 ga Maris 2025 ya dakatar da gwamna Fubara, zaurukan biyu sun amince bayan kwana 2 ta hanyar murya. Masu suka, har da lauyoyi da 'yan adawa, suka ce ba a iya auna kashi biyu cikin uku da kunne. Shugabannin majalisa suka ce rajistar halarta ta nuna adadin ya cika kuma babu wanda ya tashi ya ƙalubalanci hukuncin guduma a lokacin.

## Idan zaurukan biyu suka saɓa

Zauren da ya gama sai ya aika wa takwaransa, shi ma ya bi nasa matakan. Idan rubutun ya zo ɗaya shi kenan. Idan ya bambanta ko da a lamba ɗaya ce, sai kowane zaure ya ba da mutane kaɗan a kafa kwamitin daidaitawa. A dokar man fetur ta 2021 dattawa sun ce a ba al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu kashi 3, wakilai suka ce kashi 5, kwamitin daidaitawa ya ɗauki 3, aka yi hayaniya a zauren wakilai har wasu suka fice, amma 3 ɗin ce ta shiga doka. Mutane ƙalilan ne a wannan kwamiti, ba a buɗe yake ba, kuma rahotonsa ba a cika sake buɗe shi sashe-sashe ba, karɓa ake yi ko a ƙi.

## Teburin shugaban ƙasa

Daga nan akawun Majalisar Ƙasa ya shirya tsabtataccen kwafi ya tabbatar shi ne abin da aka amince da shi, ya aika fadar shugaban ƙasa. Sashe na 58 ya ba shugaban kwana 30 ya sa hannu ko ya sanar cewa ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa na da zaɓi uku: ta gyara abin da ya yi ƙorafi a kai ta mayar masa, ta bar maganar ta mutu, ko kowane zaure ya sake amincewa da kashi biyu cikin uku, ƙudirin ya zama doka ba tare da hannunsa ba.

Na ukun nan a takarda yake da sauƙi. An yi shi a shekarar 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, lokacin Obasanjo, amma tun daga wancan zamani ya zama abin da ake barazana da shi fiye da aikatawa, dalili kuwa a fili yake, jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke da rinjaye a mafi yawan lokuta, kuma ɗan majalisar da ke neman tikitin komawa ba ya son a gan shi a sahun masu karya hannun shugaba. A Disambar 2021 Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe saboda an wajabta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, aka yi ta cika baki cewa za a tattara sa hannun sanatoci a tsallake shi, ƙarshenta dai majalisa ta sassauta ta ƙara zaɓin yin amfani da daliget da na maslaha, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022.

## Kasafi da gyaran kundi, kowanne da hanyarsa

Kasafin kuɗi shi ma ƙudirin doka ne, sai dai shugaban ƙasa ne kaɗai ke kawo shi, a gaban zaman haɗin gwiwa. Daga nan kowace ma'aikata ta je gaban kwamitinta ta kare abin da ta nema. Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ko majalisa na da ikon ƙara kuɗi da sabbin ayyuka, ko kuwa iyakarta ta rage ko ta amince. 'Yan majalisa na cewa kundin ya ba su ikon aljihun gwamnati kuma su suka san buƙatun mazaɓunsu, ɓangaren zartarwa da masu sa ido na cewa ta nan ake cushe, a tsinka kuɗin manyan ayyuka a watsa su cikin fitilun kan hanya da rijiyoyin burtsatse da babu mai bibiya. Kasafin 2024 ya shiga majalisa yana naira tiriliyan 27.5 ya fito yana 28.7, kuma a kan zargin cushe a cikinsa ne aka dakatar da Sanata Abdul Ningi a Maris ɗin shekarar, kamar yadda aka dakatar da Abdulmumin Jibrin Kofa a 2016. Idan shekara ta shiga ba a gama ba, shugaban ƙasa na iya ci gaba da kashe kuɗi bisa ma'aunin bara har tsawon wata 6.

Gyaran kundin tsarin mulki ya fi kowanne wuya. Kashi biyu cikin uku a kowane zaure, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36 su amince, sannan sa hannu. A zagayen majalisa ta 9 an kaɗa ƙuri'a kan ƙudirori 68 a Maris ɗin 2022, 44 suka wuce zuwa jihohi, 35 suka dawo da amincewa, Buhari ya sa hannu a 16 a Maris ɗin 2023, ciki har da waɗanda suka ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. 'Yancin kuɗin ƙananan hukumomi a majalisun jihohi ya maƙale, inda gwamnoni ke da ƙarfi. Ƙirƙiro jiha kuwa ya fi wannan ma tsauri, har da ƙuri'ar raba gardama a yankin da ke nema, shi ya sa rabon da a yi sabuwar jiha tun 1996 zamanin Abacha, lokacin da aka yi su Zamfara da Gombe da Nasarawa.

## Sauri ko jan ƙafa

Babu wani adadin kwanaki da aka ɗora wa ƙudiri. Dokar man fetur tun 2008 zamanin 'Yar'aduwa ta fara shiga majalisa, sai Agustan 2021 aka sa mata hannu. Dokar dawo da tsohon taken ƙasa kuwa wakilai sun yi mata karatu uku a rana ɗaya cikin Mayun 2024, kafin mako ya zagayo an sa hannu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 shi ma a rana ɗaya zaurukan biyu suka gama da shi a Yulin 2024. Ana yin haka ne ta hanyar jingine ƙa'idojin zaure na ɗan lokaci, kuma ƙa'idojin sun halatta.

Masu kare saurin na cewa majalisar da ke faɗa da shugaban ƙasa talaka ne ke shan wuyarta, suna kafa hujja da zamanin Saraki da Dogara inda kasafin 2018 sai watan Yuni aka sa masa hannu kuma ƙudirori da dama suka dawo babu sa hannu, alhali majalisar Ahmad Lawan ta dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba ta kuma kammala dokar man fetur. Masu suka na kiran wannan amshin shata, suna cewa amfanin karatu uku da kwamiti shi ne a samu tazarar da jama'a za su ji su yi magana, idan aka haɗe su a zama ɗaya sunan matakan ne kawai ya rage. Abin lura dai shi ne saurin bai cika bin girman matsala ba, ya fi bin wanda ke tura ƙudirin.

## Bayan sa hannu: abin da ke isowa ga talaka

Sa hannu ma ba shi ne ƙarshe ba. Ana buga dokar a gazet, wato jaridar hukuma ta gwamnati, kuma wannan kwafin ne kotuna da hukumomi ke aiki da shi. Mutane ba su cika kula da wannan mataki ba sai a Disambar 2025, da ɗan majalisar wakilai Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya tashi a zaure ya ce dokokin harajin da aka buga a gazet sun saɓa da waɗanda suka amince da su. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, shugabanninta suka ba da umarnin a sake bugawa a kuma fitar da tabbatattun kwafi, wasu suka nemi a dakatar da aiwatarwa har a warware, gwamnati ta ce ba za ta ɗaga ranar fara aiki da su ba.

Ranar fara aiki ma abu ne daban. An sa wa dokokin harajin hannu ranar 26 ga Yunin 2025, amma manya biyu daga cikinsu sai 1 ga Janairun 2026 suka fara aiki, ciki har da tanadin cewa naira 800,000 ta farko a abin da mutum ke samu a shekara babu haraji a kanta.

Sai kuma abin da ke cikin ƙananan sassa. Ma'aikaci ya ji an ce mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka yaron shago ko mai aiki a ƙaramin gidan burodi ba shi da hujjar kai ƙara da ita. Dokar bashin karatu ta ɗalibai an sa mata hannu a Yunin 2023 aka yi ta murna, sai aka tarar sharuɗɗanta, irin su kawo masu tsaya wa ɗalibi da iyakance kuɗin shigar iyaye, sun sa ba ta aiwatuwa, sai da aka soke ta aka yi sabuwa a Afrilun 2024 kafin NELFUND, hukumar da ke ba da bashin, ta fara karɓar buƙatu. Harajin tsaron intanet na kashi 0.5 kan tura kuɗi kuwa yana kwance cikin gyaran dokar da aka sa wa hannu tun Fabrairun 2024, ya bi duk matakan nan babu wanda ya ɗaga kai, sai da Babban Banki ya aika wa bankuna takarda a watan Mayu sannan ƙasa ta ɗauka, gwamnati ta dakatar da shi.

Wasu dokokin kuma ko an yi su a Abuja ba sa aiki a jiharka sai majalisar jiha ta karɓe su, idan batun na hurumin jihohi ne. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 haka ta yi, jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru kafin su yi tasu, kuma da suka yi sun gyara wasu sassan su dace da addini da al'adar wurin.

Wanda doka ta taɓa yana iya zuwa kotu ya ce ta saɓa wa kundin tsarin mulki, kotu kuma na da ikon soke sashen. Shi kansa Buhari ya gwada wannan hanya a 2022 kan sashe na 84(12) na dokar zaɓe, wanda ya hana masu riƙe da muƙaman siyasa shiga zaɓen fid da gwani sai sun ajiye aiki. Ya fara roƙon majalisa ta cire sashen, dattawa suka ƙi, sai shi da ministan shari'a Abubakar Malami suka garzaya Kotun Ƙoli. A watan Yunin shekarar kotun ta kori ƙarar, ta ce wanda ya sa hannu a doka da kansa ba zai dawo ya ƙalubalance ta ba.